Labarin Ƙwayar Magani Da Zafin Bazara

Maganarmu ta yau tarihi ce, amma tarihin da ya shafi duk wanda ya ke da ƙullin magani a aljihu ko a ƙarƙashin matashin kai. Ina so in ba ku labarin yadda likitoci suka gano, sannu a hankali, cewa ƙwayar da ta zauna lafiya da mutum duk tsawon hunturu ta kan iya juya masa baya a watan Afrilu. Ƙwayar tana nan yadda ta ke, jikin da ta shiga ne ya sake hali. Mu mutanen ƙasar Gumel ya kamata mu fi kowa kasa kunne, gama daga ƙarshen Maris har zuwa faɗuwar damina, a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40 da rana tsaka. A lokacin nan ne kuwa a ke sharar gona, da kai taki, da yasar rijiya, da gini.

Da fari sai mu san yadda jiki ya ke kare kansa. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, ko da ɗari ko da bazara. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri wanda aikinsa ke nan, tsaron wannan zafi, kamar mai gadi a bakin zaure. In jiki ya fara ɗumi sai mai gadin nan ya ba da umurni biyu. Ya sa zuciya ta ƙara bugu ta tura jini zuwa fata, domin iska ta sha zafin. Ya kuma sa fata ta fid da gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafi, daidai yadda randa ta ke sanyaya ruwa ta wurin tsatstsafo. Namiji mai aikin ƙarfi a rana ya kan zubad da gumi lita guda cikin awa ɗaya, watau leda biyu ta fiya wata, wani lokaci ma fiye. Ita kuwa ƙoda, in ta ga ruwa ya ragu, sai ta tsuke fitsari don ta yi tattali. In dabarun nan suka gaza, mutum ya fara da kasala, da jiri, da ciwon kai, da ɗaurewar nama. In abin ya ci gaba har zafin jiki ya wuce digiri 40, hankali ya gushe, shi ne likitoci ke kira bugun zafi, ya kan kashe mutum cikin 'yan awoyi. Ku riƙe abubuwan nan huɗu: mai gadi, da zuciya, da gumi, da ƙoda. Kowane maganin da za mu ambata ɗaya daga cikinsu ya ke taɓawa.

Tarihin ya fara da sanƙarau. Ba sai an gaya wa mutumin Maigatari ko mene ne sanƙarau ba, kowa kuwa ya san lokacinsa, watau sa'ad da ƙura ta yi yawa, zafi ya kunno kai, har zuwa ruwan farko. Annoba ta farko da likitocin Turawa suka rubuta labarinta a ƙasar nan ita ce ta Zungeru a 1905. A 1921 ta faɗa wa Lardin Sakkwato, aka ƙidaya mamata fiye da 45,000. A zamanin nan babu magani, na gargajiya ko na asibiti. Cikin mutum goma da suka kamu, bakwai ko takwas su kan rasu.

Sa'an nan a 1935 wani likita Bajamushe mai suna Domagk ya bayyana wani magani da aka samo daga rini, wanda ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a jiki. Daga gare shi aka sami dangin magungunan da a ke kira salfa. A 1938 wani kamfani a Ingila, May & Baker, ya fito da nasa, aka sa masa suna M&B 693. A shekara mai zuwa aka gwada shi a kan masu sanƙarau a Sudan, abin ya ba kowa mamaki, gama waɗanda dā a ke fid da rai da su sai ga su suna tashi. Da babbar annobar 1949 da 1950 ta zo wa lardunan Arewa, mutum fiye da 90,000 suka kamu, wajen 14,000 suka rasu. Adadin da yawa, amma ku gwada shi da na dā, yanzu cikin goma ɗaya ne ko biyu. A lokacin ƙasar Gumel tana cikin Lardin Kano, ɗakunan shan magani kuwa na En'e ne. In annoba ta tashi a kan kafa rumfunan zana a bayan gari, malaman asibiti su riƙa bin marasa lafiya da farar ƙwayar nan dare da rana.

To, a nan ne aka yi karatun farko. Ƙwayar salfa ta ƙoda ta ke fita. In fitsari yana da yawa sai ta narke a ciki ta wuce, ba wanda ya sani. In kuwa mutum ya bushe, fitsari ya yi kaɗan ya yi kauri, sai ta daskare a cikin ƙoda ta zama 'yan tsakuwa masu tsini, kamar yadda kanwa ke fitowa fari fat a bakin tafki bayan ruwa ya janye. Mara lafiya ya fara kukan ciwon kwiɓi, ya yi fitsarin jini, daga nan fitsarin ya tsaya cak. Likitocin soja sun sha ganin haka a Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙasashe masu zafi. Ku duba kuwa halin mai sanƙarau: ga zazzaɓi, ga amai, ga shi ba ya cikin hayyacinsa balle ya nemi ruwa, ga kuma bazara. Ba wanda ya fi shi kusa da wannan hatsari. Saboda haka aka kafa doka a asibitoci, cewa duk wanda aka ba salfa tilas a ɗura masa ruwa har fitsarinsa ya kai wajen lita ɗaya da rabi a yini. A kan haɗa masa da wani ruwan magani mai kashe tsamin fitsari, daga baya kuma aka sami irin salfar da ta fi saurin narkewa. Tsofaffin malaman da suka koya mana aiki ba su miƙa wa mutum ƙwaya sai sun ce, "Ka sha da ruwa da yawa." Mutane suna tsammani al'adar baki ce kawai. Asalinta ke nan, da rayukan mutane aka saye ta.

An daina yi wa sanƙarau magani da salfa tun wajen shekarun 1970, domin ƙwayar cutar ta saba da ita, yanzu allura a ke yi. Ita cutar dai ba ta bar mu ba. A ranin 2023, cikin waɗanda aka zaci sun kamu a Nijeriya duka, wajen kashi uku cikin huɗu 'yan Jigawa ne, Maigatari da Sule Tankarkar ne kan gaba. A watan Maris na 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara sabuwar allurar rigakafi mai tare iri biyar na ƙwayar cutar. Amma jikokin M&B suna nan a kowane kemis. Septrin salfa ce. Fansidar da a ke ba masu ciki a wurin awo ita ma da salfa a cikinta. Ba su kai kakarsu daskarewa ba, duk da haka dokar ruwa tana kansu.

Karatu na biyu kuwa, na gumi, makiyaya da masu maganin gargajiya sun riga likita saninsa. Kowa ya san zaƙami, wanda waɗansu ke kira haukata-yaro. Wanda ya sha shi, ku lura da shi: bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, fatarsa ta yi zafi rau ba ɗigon gumi, ya yi ta sambatu. A Turai akwai wani tsiro ɗan'uwansa mai suna beladona, daga gare shi a ke samun maganin da a ke kira atirofin. Magani ne na ƙwarai a hannun likita. Yana kwantad da murɗar ciki, ana ɗiga shi a ido, ana yin allurarsa ga wanda ya sha gubar feshin gona. Amma yadda ya ke busad da miyau haka ya ke rufe ƙofofin gumi, shi ya sa tun dā a ke gargaɗin likitocin ƙasashe masu zafi su yi hattara da ba yaro mai zazzaɓi shi. Abin da mutane ba su sani ba shi ne magunguna da yawa na yau da kullum suna da ɗan wannan hali. Buscopan na ciwon ciki da ciwon mara yana da shi. Piriton na mura da ƙaiƙayi, da Phenergan na amai, da yawancin ruwan maganin tari mai sa barci, duk suna da shi. Alamarsa ba ta da wuyar ganewa. Duk maganin da ka sha ka ji bakinka ya bushe kamar ka ci ɗanyen goro, to, ka ɗauka guminka ma ya ragu.

Labarin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Largactil, maganin taɓin hankali. An harhaɗa shi a Faransa a ƙarshen 1950, ba kuwa don masu taɓin hankali aka fara sha'awarsa ba. Wani likitan fiɗa na sojan ruwa, Henri Laborit, yana neman hanyar da zai sanyaya jikin mutum kafin a yi masa aiki. Ya ga in an ba mutum wannan magani aka jera masa ƙanƙara, jikinsa ya kan yi sanyi ba tare da makyarkyata ba. Watau maganin yana sa mai gadin nan na ƙwaƙwalwa gyangyaɗi, jiki ya bi duk yanayin da ya tarar a waje. A 1952 waɗansu likitoci biyu a Paris, Delay da Deniker, suka ba masu taɓin hankali shi, mutanen da suka shekara a kulle suka natsu har suka koma gida. Wannan alheri ne babba, ba mai musu. Amma ku juya maganar Laborit. Mai gadin da ya yi barci cikin ƙanƙara, zai farka ne don an kai shi rana? Jikin da ya bi sanyi haka zai bi zafi. Ba a daɗe ba asibitocin masu taɓin hankali a Amurka da Turai suka fara ba da labarin majinyata da bugun zafi ya kashe a kwanakin tsananin zafi.

Abin ya kan haɗu biyu, gama Largactil da 'yan'uwansa su kan sa sandarewar jiki da rawar hannu, sai a haɗa wa mutum da Artane don ya warware, shi kuwa Artane halin zaƙami gare shi. Ga mai gadi yana gyangyaɗi, ga gumi a rufe. Wanda ya ke da ɗan'uwa mai karɓo irin wannan magani daga Kazaure ko Dawanau, nauyin a kan 'yan gida ya ke, domin shi mara lafiyan sau da yawa ba ya cewa yana jin ƙishirwa, ya kan kuma yi ta yawo a rana da riguna biyu ko uku. A miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba, a zaunad da shi a inuwa, kada a rufe shi a ɗakin kwano da rana. Kada kuwa a tsai da maganin, ciwon zai dawo. Shi wannan Artane shi ne samari ke saye da sunan Exol suna sha don maye, sa'an nan su hau babur su yini a rana. Ban san abin da zan kira wannan ba in ba ganganci ba.

Yanzu sai mu zo kan wanda ya fi yawa a hannun dattawa. A 1929 wani likita Bature mai suna Donnison, da ke aiki a Kenya, ya rubuta cewa cikin marasa lafiya 1,800 da aka kwantar a asibitinsa bai sami mai hawan jini ko ɗaya ba. An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne. Yau a Nijeriya kusan babba ɗaya cikin uku yana da shi. Maganinsa na farko mai sauƙin sha ya fito kasuwa a 1958, aikinsa kuwa shi ne ya sa ƙoda ta zubad da gishiri da ruwa. Lasix ya biyo baya cikin shekarun 1960, ya fi ƙarfi nesa. Moduretic da a ke rubuta wa mutane da yawa a nan daga wannan gida ya ke. Ku duba abin da ke faruwa da bazara: fata tana zubad da ruwa, ƙoda tana so ta yi tattali, ƙwaya ta hana ta. Tsoho ya tashi tsaye daga tabarma, ya ga duhu, ya faɗi, a ce hawan jini ne ya ka da shi, alhali kuwa jinin sauka ya yi fiye da kima. Lisinopril shi kuma ya kan rage jin ƙishirwa, ya kuma raunana ƙoda in jiki ya bushe. Propranolol da atenolol suna riƙe zuciya kada ta yi gudu, abin da a ke so ke nan ga mai ciwon, amma zuciyar da aka riƙe ba ta iya tura isasshen jini zuwa fata. Mai ciwon suga da ke shan metformin, shi ma in gudawa ko amai ya busad da shi cikin zafi, maganin ya kan taru a jini ya zama lahani.

Duk waɗannan likita ne ya rubuta su, yana kuwa iya gyara su. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba mai rubutawa, watau maganin gajiya. Ibuprofen ya fito a Ingila a 1969, diclofenac a 1973, an yi su ne don masu ciwon gaɓoɓi. Ku je kasuwar Maigatari ran Alhamis ku ga inda suka ƙare. Ga masu kora shanu tun daga cikin Nijar, ga 'yan lodi suna ɗora buhunan riɗi da zoɓo a mota, ga mai talla da faranti a ka yana ƙulla wa kowa ƙwaya uku ko huɗu, ja da fari da rawaya, a ƙyallen leda. Sau da yawa biyu daga cikin ƙullin nan dangi ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. In jiki ya bushe, ƙoda tana da wata dabara ta buɗe hanyoyin jininta don kada ta rasa rabonta. Waɗannan magunguna dabarar nan su ke toshewa. Ƙodar da ta yini tana aiki da ɗan ruwa kaɗan, da dare kuma a hana ta jini, gobe haka, jibi haka, ba ta kuwa yin kuka sai ta kusa ƙarewa. In mutum yana shan ƙwayar fitsari da lisinopril, ya ƙara da diclofenac a kai cikin bazara, ya haɗa mata abokan gaba uku a rana ɗaya. Likitoci sun san wannan haɗi sarai, suna tsoronsa.

Akwai kuma ƙwayoyin ƙarin ƙarfi. Ran 13 ga Yuli 1967 wani Baturen Ingila mai tseren keke, Tom Simpson, ya faɗi matacce a kan wani dutse a Faransa cikin tsananin rana, yana da shekara 29. Da aka bincika gawarsa aka sami amfetamin da giya. Amfetamin yana hura wutar jiki, yana kuma ɓoye gajiya, ita kuwa gajiya ita ce ke gaya wa mutum ya nemi inuwa. Irin ƙwayar nan ta yi zamaninta a hannun 'yan ƙwadago da direbobi a ƙasar Hausa. Yau tramadol ya gaje ta. Aikinsu a jiki ba ɗaya ba ne, amma wajen toshe kunnen mutum daga kiran jikinsa sun yi tarayya.

Abin mamaki, sai da zafi ya taɓa Turai tukuna aka tattara wannan ilmi wuri ɗaya. A watan Agusta na 2003 zafi ya sauka a Faransa, cikin mako uku mutum wajen 15,000 suka rasu, galibinsu tsofaffi. Da likitocin asibitin Bordo suka bi takardun waɗanda zafi ya kawo musu, suka tarar masu shan magungunan ƙwaƙwalwa da masu hana gumi sun fi yawa a ciki. Tun daga 2004 hukumar ƙasar ta ke fid da gargaɗi ga likitoci game da magani da zafi. Mu kuwa abin ya fi kusa da mu. Ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi ne masu ciwon da suka daɗe da shi. A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu. Duk maniyyacin da ke shan maganin hawan jini ko na suga, ya kai su gaban likita tun kafin ya ɗaura jaka.

Abin da ya faru a Mali ya zo daidai da ƙarshen azumi. Watan azumi yana ja da baya wajen kwana 11 kowace shekara, daga 2019 zuwa 2024 cikin bazara ya yi ta faɗowa. Mai shan ƙwayar fitsari in ya haɗiye ta da sahur, ya zubad da ruwan da zai yini da shi tun kafin hantsi. Sau da yawa sake lokacin sha kaɗai ya isa gyara, amma likita ne zai faɗa. Hukuncin mara lafiya game da azumi kuwa, malamai suna nan, a tambaye su.

To, me za a yi? Kada wanda ya ji wannan magana ya je ya watsad da maganinsa. Mai hawan jini in ya bari, shanyewar ɓarin jiki ke jiransa, wannan kuwa ya fi jiri muni. Tun watan Maris bai ƙare ba, ku tattaro duk abin da ku ke sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ku kawo ɗakin shan magani a cikin kwalayensu, a auna jininku, a duba ko akwai abin ragewa. Ku sha ruwa kafin ƙishirwa ta kira ku, musamman tsofaffi, gama tsufa kansa yana rage jin ƙishirwa. Fitsari shi ne ma'auninku. In ya yi ja kamar shayi, ko kuwa mutum ya yini bai zaga ba, ruwa bai isa ba. Sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, shi kada ya ƙara sai ya tambaya. A yi aikin ƙarfi da sassafe da la'asar sakaliya. In gudawa ko amai ya kama mai shan ƙwayar fitsari, ko lisinopril, ko metformin, a fara ba shi ruwan gishiri da suga, a kawo shi a ranar, kada a jira gobe.

In kuwa mutum ya faɗi, jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, yana sambatu ko ya suma, abin da na sha gani shi ne a ruga kemis a sayo Panadol. Ba ya aiki a nan. Panadol yana sauke zazzaɓin da cuta ta kawo ne, ta wurin rarrashin mai gadin ƙwaƙwalwa. A bugun zafi kuwa zafin daga waje ya rinjayi jiki, ƙwaya ba ta da abin da za ta rarrasa, sai ma ta ƙara wa hanta nauyi. Ruwa da iska su ne magani. A 1980 waɗansu masana biyu, Weiner da Mustafa Khogali mutumin Sudan, suka ƙera wani gado don alhazan da zafi ya buge a Makka. Gadon raga ne, ana fesa wa mutum ruwa ta sama da ta ƙasa, ana hura masa iska. Wannan kuna da shi a gida, buta ce da mafici. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan randa ana fifita, kada a tsaya. Kada a ɗura wa wanda ya suma kome a baki. A nemi mota zuwa Babban Asibitin Gumel ko wanda ya fi kusa, ana tafiya ana jiƙa shi, a kuma tafi da kwalayen magungunansa duka. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa su ma haka su kan fara, ba kuwa a iya rarrabe su a gindin bishiya, sanyaya jikin dai ba ya cutad da ko ɗaya daga cikinsu.

Saura abu guda. Zafin da ke wahal da mutum yana wahal da maganin kansa. Ku duba jikin kwali, yawanci an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. Farantin mai talla da ya yini a rana, da aljihun gaban mota, da tagar ɗakin kwano, duk sun wuce haka nesa. Wanda ya fi saurin lalacewa shi ne insulin, allurar masu ciwon suga. Dabarar wannan kuwa a Jigawa aka raya ta. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya fito daga gidan magina tukwane. A shekarun 1990 ya yi ta yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, don mata su ajiye gauta da tumatir da alayyafo, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. A sami tukwane biyu na ƙasa, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Kwalbar insulin ko ƙwayoyi a sa su cikin gwangwani mai murfi tukuna, domin laima ma tana ɓata ƙwaya. Yashin kuwa a riƙa ƙara masa ruwa safe da yamma.